Afiniki, Mai Duba Ruwa a Ƙarƙashin Baƙin Zani

Kowace safiya, kafin ɗalibai su iso, Mama Afiniki ta riga ta wanke kwalaben ɗakin gwaje-gwaje na wata sakandare a Kafanchan. Tana da wani garin sinadari da take zubawa a ruwa. In ta haska shi da 'yar fitilarta, sai ya yi kore shar yana ƙyalli. In kuwa akwai dalma a ruwan, sai hasken ya mutu. Da yake rana na ɓoye ƙyallin, takan lulluɓe kanta da baƙin zani, ita da kwalbar. Mu abokan aikinta mun sha tsokanarta cewa duba take yi.

A 1989 yara suka yi ta ciwon ciki a wata unguwa a Madakiya, aka ce Mijinyawa mai gyaran batir ne ya ɓata rijiya. Lokacin zukata ba su gama hucewa daga rikicin addinin da aka yi a Kafanchan shekara biyu baya ba. Aka ba shi zuwa ranar kasuwa ya kwashe iyalinsa ya bar gari.

Da Afiniki ta ji labari, sai ta shiga motar haya da kayanta. A bakin rijiyar ta kira Mijinyawa, ta kira Baba Meshak, wanda ya fi kowa ɗaga murya wajen zarginsa.

"Baba, ku shigo ku biyu, ku gani da idonku."

Dattawa biyu suka sunkuya ƙarƙashin zanin mace, ƙafafu a waje, mata na ta dariya. Ta zuba garin a ruwan rijiya ta haska, ya yi kore, alamar babu dalma. Ta ɗiga ruwan batir, da yake akwai dalma a cikinsa, a wata kwalba mai garin, haske ya mutu.

"Na gani," in ji Baba Meshak daga ciki. "Malam, ka yafe mani. Amma ɗaga ƙafa, kana taka ni."

Sannan ta nuna masu wata salga da aka haƙa dab da rijiyar. Aka cike ta, aka riƙa tafasa ruwa, yara suka warke.

Mama, ke ce ba kya cewa a yarda da ke, sai dai a zo a gani. Bana kika yi ritaya, ni kuwa ina alfahari da na yi aiki tare da ke. Mun gode, Allah ya saka. Masu tasowa, ku koyi gwadawa kafin ku ɗora wa mutum laifi. Mijinyawa yana nan Madakiya har yau, a gidansa, tare da jikokinsa.