Harshen Anatole

Shekara arba'in da uku Anatole Pérard ya yi a rumbun ƙarƙashin ƙasa na gidanmu, yana juya kwalaben giyar shampen da hannu. Amma harshensa ne abin alfaharin gidan. Duk shekara, kafin a gauraya ruwan inabin gonaki daban-daban, sai ya ɗanɗana tukuna. In ya yamutsa fuska, magana ta ƙare. Na sha jin haushinsa, don bai taɓa kuskure ba, kuma ya san da haka.

Bara wata mura ta kayar da shi. Ya warke, amma hanci da harshe suka ƙi dawowa. Ni kaɗai ya gaya wa, mu da muka tsufa a rumbu ɗaya.

"In Solène ta ji, na zama me a garin nan? Tsoho mai juya kwalba?"

Solène 'yar ƙanwarsa ce, ita ke riƙe da gidan yanzu.

Ranar bikin Saint-Vincent, da masu inabi suka taru cin abincin rana, Solène ta fito da kwalba ta ƙarshe ta 1985, shekarar da Anatole ya fara haɗin giya da kansa. A gidanmu babba ke fara kurɓa, ya faɗi abin da ya ji, sannan kowa ya ɗaga kofi.

"Kawu, taka ce. Ka ba mu labarinta."

Ya ɗaga kofin ya dubi ƙananan kumfa suna hawa. Ya shinshina, ya kurɓa, ya lumshe ido.

"Zuma," in ji shi. "Gasasshen burodi, da ɗan ɓawon lemo. Yarinyar nan ta tsufa da mutuncinta."

Muka sha. Warin jiƙaƙƙen kwali ya cika mini baki. Toshiyar kwalbar ta lalata giyar tun tuni, abin da ko baƙo zai gane.

"Haka ne, Kawu," in ji Solène a hankali. "Zuma."

Kowa ya gyaɗa kai, aka shanye.

A hanyarmu ta gida Anatole ya tsaya bakin coci.

"Ta lalace, ko?"

"Ta lalace."

"Kuma duk suka shanye. Gara a ce dariya suka yi mini."

Watan haɗi ya zo ya wuce, ba wanda ya kira shi. Har yau kullum da safe yana wanke kofinsa na ɗanɗani, ya goge, ya kife a inda ya saba.