Simintin Ɗakin Inna

Shekarar da aka samu mulkin kai wana ya dawo Tambuwal daga Sakkwato da aikin akawu da kuma ciwon gyara. Ya shiga gidajen manyan ma'aikata a can, ya ga bango sumul da farin fenti da taga mai gilashi, shi ke nan gidanmu ya zame masa abin kunya. Ni ina aure a Kebbe lokacin, na zo wankan gida na tarar da buhunan siminti a zaure.

Da ɗakin Inna ya fara, wai ita ta fi cancanta. To bangon ɗakin nan Baba ne ya yaɓe shi kafin ya rasu, ya zane shi da yatsunsa tun laka na ɗanya, daga bakin ƙofa har bayan gado. Ba mu da hotonsa. Zanen nan kaɗai ya bar mana da za a iya taɓawa, kuma Inna kan sa yatsunta cikin sawun nasa in tana lazimi.

"Bar min kusurwag ga," in ji ta. "Hannun ubanku na."

"Inna, an bar yayin wanga tarkace, sumul aka so yanzu. Kuma ba kankarewa za a yi ba, rufewa ta. Shina nan ciki."

Wana ɗan fari ne, Inna ba ta iya ja-in-ja da shi. Ni na yi ta masifa, aka ce zafin jego ne.

Aka shafe, aka yi fenti, aka fasa taga, aka sauke jeren kwanukanta aka cusa a kabad. Maƙwabta suna ta zuwa kallo, ita tana zaune bakin gado kamar mai jinya a asibiti. Maganar nan kawai ta riƙe, cewa zanen yana nan ciki.

Ashe siminti ba ya zama lafiya da ginin ƙasa, mu kuwa ba wanda ya sani. Danshin damina ya taru a bayansa, bango ya yi ciki. Aka aiko mini Kebbe cewa ya fara ɓamɓarewa, Inna kuma sai murna take, wai zanen Baba zai fito. Har yau in na tuna murnar nan raina ɓaci yake yi.

Na zo, muka ɗaga ɓawon farko tare, a hankali. Ya taho da fuskar bangon gaba ɗaya, ta marmashe a hannunmu. Ba abin da ya saura a baya sai jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Inna ta daɗe tana shafa wurin. Can ta ce, "Ce ma wanki shi zo shi maida simintinai."