Ludayin Dije

A gidanmu, idan sanyi ya shigo, Kaka kan hura wuta a tsakar gida ta zuba gyaɗa a toka, mu jikoki da yaran maƙwabta mu kewaye ta. Ni gyaɗar ke kawo ni. Rabi, 'yar maƙwabtanmu, ita labarin ke kawo ta.

Akwai wanda Kaka ta fi so, ni kuwa ya fi gundurata, don babu kura a ciki, babu dambe. Wai a zamanin da, can arewa inda gonaki suka ƙare rairayi ya fara, an tura wani saurayi, Tanko, gadin rijiyar ƙarshe saboda mahara. Ba shi da izinin barin wurin sai an aiko mai canjinsa. Ya bar budurwarsa Dije tana sayar da fura a ƙofar gari. Damina ta wuce, wata ta wuce, shiru. Har ya fid da rai, sai ayarin gishiri ya yada zango a rijiyar, madugu ya miƙa masa ludayi, babu saƙon baki ko ɗaya.

"Ludayi kawai?" na ce. "Ko furar ba ta haɗo ba?"

"Kai maigidan, cikinka ya toshe maka kunne," in ji Kaka. "A garin su Dije ba a aika wa budurwa ludayinta. Wanda aka bai wa, shi zai mayar mata da shi da ƙafarsa. Cewa ta yi tana nan."

Na girma, na zo Doha gadi, bayan an sa ranarmu da Rabi. Korona ta rufe hanya, aka ɗaga biki. Aka sake ɗagawa. Da hanya ta buɗe, sai kamfani ya ce babu hutu sai an gama gasar ƙwallon duniya, aka ajiye ni a ƙofar filin wasa na Al Thumama. Da na gaya wa Rabi a waya, "To" kawai ta ce, ta kashe. Daga nan ko na kira ba ta ɗauka. Tsoro ya kama ni sosai, abinci ma ya daina shiga.

Ana cikin haka Sale, ɗan kawunta, ya iso aikin tuƙi. Ya same ni a ɗakinmu na unguwar Mansura, ya miƙo ƙullin leda yana dariya.

"Malam Habu, wallahi ban gane ba. Na ɗauka kilishi ne. Ka ga, ludayi! Rabi ta ce kar in ƙara komai."

Na zauna a bakin gado ina dariya, hawaye na zuba. Abokan ɗaki suka ɗauka na zautu.

Kaka ta rasu tun kafin in taho, ban taɓa gaya mata cewa na ji ƙarshen labarin ba. Ashe gyaɗar ba ta toshe kunnen duka ba. Washegarin wasan ƙarshe na nemi hutu, ludayin kuwa ban yarda ya shiga akwati ba. A hannu na riƙe shi har ƙofar gidansu Rabi.