Kawu da Ɓarawon da Ya Tuba

Kawuna, yayan mamata, mai gyaran keke ne. Rumfarsa tana bakin titi, tsakanin mai sayar da katako da wani mai aski, kuma tun ina yarinya a nan na san shi, zaune a kan ƙaramar kujera, keke a kife a gabansa. In ya juya ƙafar keke ya ga ta karkace ko da kaɗan ne, to mai keken ya shiga uku. Zai ce, "Baba, ai faci kawai na kawo." Kawu ko kallonsa ba zai yi ba. Sai ya bi wayoyin ƙafar ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure wannan, ya sassauta waccan, har ta miƙe sak. Mutane su tafi suna ƙunƙuni, gobe kuma su dawo.

Haka yake karanta Littafi Mai Tsarki. In aiki ya lafa, sai ya wanke hannu da kananzir, ya goge a tsumma, ya buɗe littafin a kan gwiwa. Duk da haka shafukan sun sha tabon giris. In wuri ɗaya ya faɗi abu, wani wurin ya faɗe shi daban, ranar ko abinci ba ya masa daɗi. A cocinmu sun sa masa suna Baba Amma, don duk ranar nazarin Littafi sai ya ɗaga hannu ya ce, "Amma fa, Fasto..." Kada a ɗauka rashin bangaskiya ne. Shi ke fara zuwa coci, shi ke jera benci, kuma ban taɓa ganin mutum mai tsoron Allah kamarsa ba. Kawai dai bai iya barin abu a karkace ba.

Ina da yaya namiji, muna ce masa Dogo. A rumfar Kawu ya koyi aiki, hannunsa da kyau, sai ya faɗa cikin miyagun abokai. Wata rana suka je fasa wani shago, mai gadi ya harbe shi, ya cika a hanyar asibiti. Ba wanda ya san abin da ya ce a ƙarshe. Kawu da kansa ya ɗauki gaban akwatin gawar, yana kuka kamar yaro.

Mama ta kusa zaucewa. Abin da ya riƙe ta labari ɗaya ne, na ɓarayi biyun da aka gicciye tare da Yesu, yadda ɗaya ya tuba a kan gicciye aka karɓe shi nan take. Ba ta iya karatu sosai, don haka ni take sawa in karanta mata, kusan kullum, har na haddace. In na gama sai ta share hawaye ta ce, "Kin ji ko? Tsakanin harbin da asibiti akwai lokaci. Dogo yana wurin Ubangiji." Da wannan maganar ta koma cin abinci, da ita ta koma kasuwa.

Bayan 'yan watanni nazari ya zo kan wannan labarin. Fasto yana bayani, Mama tana benci na biyu tana gyaɗa kai. Sai na hango hannun Kawu yana tashi. Wallahi a zuciyata na roƙi Allah ya sa hannun ya sage.

"Amma fa, Fasto," in ji shi, "marubutan bishara biyu sun ce duka ɓarayin sun zage shi. Ɗaya ne kaɗai ya ce wani ya tuba. Yaya ke nan?"

Fasto ya ce ai ba wuya, da farko duka sun yi zagi, daga baya zuciyar ɗaya ta juya. Kawu ya ce zai yiwu, amma ba a rubuta haka ba, mu ne muka liƙa. Wata malamar makaranta ta ce shaidu ne, kowa ya faɗi abin da ya kai kunnensa, kamar in mota ta buge mutum aka tambayi waɗanda ke wurin. Kawu ya ce to ashe wani bai ji daidai ba ke nan? Nan wani dattijo ya miƙe, ya ce maganar Allah ba ta karo da juna, mai irin wannan tambayar ya binciki zuciyarsa. Malamar ta ce tambaya ba zunubi ba ce. Kafin ka ce me, coci ya kaure, kowa da littafi a buɗe yana nuna aya da yatsa. Manya da furfurarsu! Duk cikinsu ba wanda ya tuna wace ce ke zaune a benci na biyu.

Sai Mama ta miƙe.

"Yaya," ta ce, "ni ban iya karatu irin naka ba. Ka gaya mini kawai. Ya tuba ko bai tuba ba?"

Na ga lokacin da Kawu ya gane. Fuskarsa ta canza. Yana da hanyoyi da yawa na fita, ko shiru ya yi da an wuce wurin. Amma an tambaye shi a cikin ɗakin Allah, da littafi a hannunsa.

"Auta," ya ce a hankali, "biyu sun ce duka sun yi zagi. Ɗaya ya ce ɗayan ya tuba. Na huɗu bai ce komai ba. Abin da ke rubuce ke nan."

Ta ɗauki jakarta ta fita, na bi ta.

Ba su yi faɗa ba, da ma faɗan suka yi. Tana gaishe shi, in matarsa ba lafiya ta dafa abinci ta aika. Sai dai ba ta sake cewa in karanta mata wurin ba. In an ambaci Dogo, sai ta ce, "Allah ne ya sani," ta tashi ta kama wani aiki. Fasto ya zo gida ya yi mata bayani mai kyau, ta yi godiya, ta raka shi ƙofa. Ni kam na fi shekara ban bi ta gaban rumfar ba, don in na gan shi raina ɓaci yake.

Shi ma bai sake ɗaga hannu a coci ba. Mutane suka ce an huta. Amma duk baƙon mai wa'azi da ya zo, sai Kawu ya tare shi a bakin ƙofa bayan an tashi, ya yi ƙasa da murya ya yi masa tambayar nan. Kowa ya ba shi amsa, ya saurara, ya ce na gode, ya tafi da kai a sunkuye. Babura suka yi yawa, kekuna suka ragu, idonsa ya fara rauni, ya rufe rumfar. Ya tsufa da tambayarsa.

Da ciwo ya kwantar da Mama, wata safiya sai ga shi da wankakkiyar riga. Na sa masa kujera kusa da gadon. Ya daɗe yana murza hula a hannu.

"Auta," ya ce, "na bincika. Na gama bincike. Ya tuba. Maganar Fasto daidai ce."

Yana magana yana kallon bango. Mama ta dube shi, ta yi ɗan murmushi.

"Yaya, tun muna yara in za ka yi ƙarya bango kake kallo. Bari, kada ka ɗauki zunubi saboda ni."

"Auta..."

"Ranar ma ba ƙarya na nema ba. Da ka rufe littafin ka ce, taso Auta in raka ki gida, da ya ishe ni."

Ya zauna a wurin har yamma, hannunsa a kan ƙafarta. Bayan 'yan kwanaki ta rasu, kuma har ta rasu ban sake jin ta ce Dogo yana wurin Ubangiji ba.