Kwallar Maganin Inna

Mu uku Inna ta haifa, amma idan aka zo batun ciwo, duk unguwarmu a cikin birnin Daura 'ya'yanta ne. Ba ta taɓa zama a aji ba. Sai dai tana da wata kwalla mai zanen furanni a ƙarƙashin gado, kuma a cikinta asibitinta yake. Duk wanda aka rubuta wa magani a gidanmu ya ji sauƙi kafin ya shanye, ragowar can take tafiya. Maƙwabta ma sun san hanya: su kawo nasu ragowar, su karɓi na wani. Da launi Inna take aiki. Fari zagayayye na ciwon kai ne, ja da baƙi na gyambo, ɗan mitsitsin rawaya na mura. Wanda ya miƙo mata kuɗi kuwa sai sun ɓata, don ita lada take nema da kuma sunan kirki, kuma ta same shi.

Shekarar da sa ya tunkuyi Baba a kara, kasuwar dabbobi ta Mai'adua, ƙugunsa ya goce, asibiti suka ba shi wani kafso kore da rawaya. Kwana uku ya sha ya ce ɗaki yana juya masa, ya koma wa man zafi da gashi. To amma duk wata sai ya je ganin likita, kuma Baba mutum ne mai kunyar duk wanda ya kyautata masa. Likita ya ce, "Baba, kana shan maganin?" Ya gyara hula ya ce, "Ina sha, ranka ya daɗe." A sake rubuta masa. Ya dawo gida ya damƙa wa Inna, ita kuma ta zuba a kwalla.

Mai ga-ruwanmu ta fara ba, ranar da ya sauke garwa yana dafe da baya. Washegari ya dawo yana sa mata albarka kamar ta biya masa Makka. Kafin damina ta raba, wata annobar ciwon baya ta sauka a unguwarmu wadda ba a taɓa ganin irinta ba, kuma ƙarti kawai take kamawa. Magina, 'yan dako, 'yan acaɓa, har wani daga Sandamu da ya ce labari ya ji. Su yi sallama a zaure a ladabce: "A gaida Inna, a ce bayan nan dai ya sake tashi." Lokacin ban yi aure ba, ina ɗinki a tsakar gida, don haka ni nake tashi daga kan keke in kai musu bibbiyu a ƙulle a takarda. Inna ta dube ni tana murmushi ta ce, "Kin ga hannu mai albarka ko?" Ni ma wallahi alfahari nake yi da ita.

Ana cikin haka autarmu ta dawo hutu daga Kano, inda take karatun lauya. Tun shekararta ta farko ba a iya yanka kaza a gidanmu ba ta faɗi matsayin doka a kai ba, shi ya sa ba mu cika sauraronta ba. Ta gan ni da ƙullin takarda, ta karɓa ta buɗe, sai ta kurma ihun da ya sa awaki suka watse.

"Inna! Kin san mene ne wannan?"

"Maganin baya mana."

"Tiramol ne! Shi ake kama mutane a kansa!"

Inna ta ce ita ta san ƙwaya, ƙwaya ita ce abin da 'yan iska suke sha a bayan tasha, wannan kuwa likita ne ya bayar da hannunsa. Auta ta zaunar da ita. Ta ce likita Baba ya ba, ba unguwa ba. Duk wanda aka samu da shi ba da takardar likita ba ya yi laifi, wanda ya miƙa wa wani kuwa laifinsa ya fi girma, kuma ɗauri ne na shekaru.

"Ko da sadaka na bayar?"

"Inna, doka ba ta tambaya ko an biya ki."

"To ai Malam ne yake kawowa."

Daga cikin ɗaki muka ji muryar Baba: "Kada wanda ya sa ni a ciki, ni mara lafiya ne."

Auta ta shiga lissafa mu da yatsu. Baba mai shigo da kaya, Inna mai ajiya, ni mai rarrabawa. Ta ce a littafinsu wannan gungu ne cikakke, kuma Inna ce shugaba. Na dubi shugabar tamu, ga ta da zani a ƙirji da muciya a hannu, na fashe da dariya har na zame daga kujera. Sai da na tuna fuskata ce ƙartin nan suka fi sani, dariyar ta ɗauke. Tsoro ya kama ni sosai, kuma na ga ya kama Inna. Ba gidan yari ne ya fi tayar mata da hankali ba. Abin da take ta maimaitawa shi ne, "A ce a garin nan ni ce mai ƙwaya? Da furfurata?"

Na ce a zuba a masai. Inna ta ce almubazzaranci ne. Baba ya ce a binne, aka tuna masa kajin gidan ba abin da ba sa tonowa. Auta ta yanke hukunci: a mayar asibiti tare da katin Baba, a faɗi gaskiya. Inna ta ɗauki wannan a matsayin miƙa kai. Da safe ta yi wanka, ta sa hijabinta na zuwa suna, ta haɗa buta da carbi da dardumar salla da ƙullin ƙuli-ƙuli. Ta bi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya tana neman gafara. Ta ja ni gefe ta nuna mini akuyar da ba ta son dusa jiƙaƙƙa, ta manta ni ma cikin masu laifin nake.

Muka naɗe kwalla a zani muka tare adaidaita. Muna zama direban ya waiwayo, fuskarsa ta washe, ya ɗaga murya yadda duk bakin titi za su ji: "A'a! Inna mai maganin baya!" Inna ta ja hijabi ta rufe har hanci. Ya rantse ba zai karɓi kuɗin mota ba. Muna tafe yana ba mu labarin yadda maganinta yake sa shi yini yana aiki bai gaji ba, daga ƙarshe ya rage murya ya ce ko akwai guda biyu a kusa. Auta ta dafe kai, ni kuwa na cusa gefen mayafi a baki, hawayen dariya suna zubo mini. Baba yana gaba kusa da direba, ya ƙura wa hanya ido kamar bai san mu ba.

Mai ba da magani a asibitin wata mata ce mai tabarau. Ta juye kwallar a kan tebur, ta shiga tsinta tana duba kwanan wata. Ta ɗaga wani kwali ta ce wannan ya girmi Auta. Ta yi dariya har ta cire tabarau, ta kira abokiyar aikinta ta zo ta gani. Da ta zo kan koren sai ta nutsu, ta tambayi wata nawa ana haka. Baba ya gyara hula sau uku kafin ya amsa cewa kwana uku kacal ya sha. Ta yi mana faɗa mai kyau, ta karɓe komai, ta ce mu tafi kada a kuma. Inna ta tsaya da butarta ta ce, "'Yar nan, shi ke nan? Ba za a rufe ni ba?"

A gida sai ka ce daga aikin hajji ta dawo. Ta rangaɗa guɗa a tsakar gida, ta sa aka yanka zakara, ta cinye ƙuli-ƙulin gidan yarin ita kaɗai. Duk wanda ya yi sallama a zaure ni nake leƙawa in ce asibitin Inna ya rufe.

Bayan la'asar ƙawarta ta shigo, maƙwabciyarmu da suka zo unguwar suna amare a shekara ɗaya. Ta daɗe tana karɓar koren don ciwon gwiwa. Inna ta tare ta da labari tana kwaikwayon direban adaidaita, tana dariya. Matar ba ta yi dariya ba. Ta zauna a bakin turmi ta ce, "Ba ni nake sha ba."

Ɗanta take kai wa, magini, mai mata da 'ya'ya biyu. Da gaske bayansa ya fara ciwo, ta karɓo masa. Yanzu idan bai sha ba ba ya iya tashi, tun jiya yake kwance yana rawar jiki yana haɗa gumi. Ta ce, "Na ga alamar abin ya fi ƙarfinsa. Amma na ce tunda daga hannunki yake fitowa, ba zai cuce shi ba."

Inna ce ta yi wa yaron nan wankan farko ranar da aka haife shi. Ni kuma kunya ta rufe ni, don na tuna sau nawa na ƙulla wa matar nan bibbiyu ina tsokanarta da gwiwar tsufa.

Can Inna ta miƙe ta ce in miƙo mata takalmanta. Ta kama hannun ƙawarta ta ce, "Tashi mu kai shi asibiti. Ke ki yi shiru, ni zan yi wa likita bayani. Ni na fara ba shi."