Takardun Fijon Baba

Ranar Talata ce, kwana uku bayan ƙaramar salla, shekarar da nake aji huɗu, wata babbar mota mai bodin katako ta tsaya a bayan gidanmu na Bagudo. Direban ya yi ta baya-baya har ya manna gindinta da wani tudu da yara ke zamiya a kai, aka shimfiɗa katakai biyu masu kauri daga tudun zuwa cikinta, don Fijon Baba ta gangara ta shiga. Maƙwabta sun fito kallo, mata sun leƙo ta saman darni. Babana saje ne a soja, ranar kuwa ya sha kakinsa tun da safe. Har an fara tura Fijon sai direban ya ɗaga hannu ya ce a kawo takardu tukuna. Baba ya buɗe ɗan akwatin nan na gaban mota ya zura hannu, ya fito da sukundireba da tsumma da tsohon carbi. Babu takarda ko ɗaya. Ni kuwa ina tsaye gefe rungume da jakar makarantata, hankalina kwance, don ban san da ni ake ba.

Sati biyu kafin nan takardar da sojoji ke ce wa sigina ta zo, an mayar da Baba Yola. Shekara biyar muka yi a Bagudo yana aikin iyaka, kuma a nan ya sayi motar, 'yar Kwatano, wato wadda ta gama yawonta a wata ƙasa kafin ta faɗo hannunmu. Fara ce a da, amma a zamaninmu ta koma kalar kunun gyaɗa. Ba ta tashi sai an tura, ƙofar baya kuma sai an ɗaure ta da igiya. Duk da haka kaf unguwarmu ba wanda ba ta yi wa rana ba. Ita ke kai mai naƙuda asibiti, ita ke kwaso buhunan shinkafa daga fadama, ita ke kai mu Kende gaida kakata, mu dawo da albasa da kaji a bayanta. Kowace Juma'a ni ke jawo ruwa a rijiya in wanke tayoyinta, Baba yana goge gilashi yana cewa, "Mota awa doki ta, ta san mai kula da ita." A inuwarta muke carafke da 'yar gala-gala, kazar Inna ma sau biyu tana ƙyanƙyasa a ƙarƙashinta. Da sigina ta zo, kowa ya ce a sayar da ita, don ba za ta kai Yola da ƙafarta ba. Baba ya ƙi. Shi dole ya bi motar soja da mutanensa da azahar ɗin wannan Talatar, don haka ya samo babbar mota da za ta ɗauki Fijo da kayanmu da mu kanmu.

Direban dattijo ne mai furfura a gemu, bai yi wani kwana-kwana ba. "Saje, wallahi ba ni ɗaukar 'yar Kwatano babu takarda," in ji shi. "Tun ba mu ƙetare gada ba 'yan kwastan za su amshe ta, su haɗa da tawa." Gaskiya ya faɗa, kowa ya sani. Hanyar da ta fito daga iyaka shinge ne bayan shinge, motar da ba ta da shaida kuwa sunanta fasa-ƙwauri ko ta wane ce. Idan azahar ta yi ba a ga takardun ba, Baba zai tafi, Fijo kuma ta zauna bayan gida har ciyawa ta fito mata ta ciki.

Sai aka shiga kwance kayan da aka kwana uku ana ɗaurewa. Aka zazzage akwatin ƙarfe, aka warware katifu, aka buɗe kwallayen Inna ɗaya bayan ɗaya, har buhun kuka da na daddawa sai da aka laluba. Rana ta take, gumi ya jiƙa kakin Baba. Ban taɓa jin ya ɗaga wa Inna murya ba, amma ranar ya juyo a tsakar gida, ga direba ga maƙwabta, ya ce, "Ke Hajo, jiya da kinka ƙone shara, kin duba abin da kinka zuba wuta? Kullum ina hwaɗa maki ki bar taɓa min kaya!" Inna ta ce ita ba ta taɓa buɗe akwatin motar ba. Ta duƙa ta ci gaba da mayar da kwanoni cikin kwalla, ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai.

Wani maƙwabcinmu ne ya tambayi yadda takardun suke. Baba ya ce guda uku ne manya an maƙale su da fil, ta sama rubutun Faranshi ce da shuɗin hatimi, ta kwastan ɗinmu tana ƙasa. Nan take na gane takardun da ake nema.

Ga abin da ya faru. Mu yaran bakin iyaka, duk takardar da muka gani da rubutun Faranshi, wato harshen mutanen tsallake, ba mu ɗauke ta a bakin komai ba. Da irinta ake ƙunsa mana ƙosai da ƙuli-ƙuli, da ita mai shago ke naɗe sukari, da ita ake hura wuta. Takarda mai daraja a wurinmu ita ce mai Larabci, wadda ko a ƙasa ka gan ta sai ka ɗauke, sai kuma mai Turanci ta makaranta. To a farkon shekara hedimasta ya kafa doka, duk littafin da ba a yi wa riga ba mai shi zai sha bulala. Takardar buhun siminti da yara ke amfani da ita ta yi wuya. Wata Juma'a ina wanki na buɗe akwatin motar, na ga takardu masu kauri, bayansu fari fat, na duba ta sama na ga Faranshi. Ko ta biyu ban ɗaga ba. Na cire fil ɗin, na juya rubutun ciki, na datse kusurwoyi da reza, na liƙe da ƙaro. Littattafaina uku suka fi na kowa kyau a ajinmu, har malama ta ɗaga na lissafi ta nuna wa sauran yara ta ce su yi koyi da Saratu.

Na daɗe tsaye da jakar a ƙirjina. Na san in na yi shiru ba mai ganewa har abada, kuma shaiɗan ya raɗa mini hakan, ba zan ɓoye ba. Amma laifin zai zauna a kan Inna, mota kuma ta tafi a banza. Na taka har gaban Baba, na durƙusa, na fito da littattafan uku na ajiye kusa da takalminsa. Ya ɗauki na sama ya karanta sunana da ajina da na rangaɗa da jan biro, ya ɗaga gefen rigar da farce, sai ga shuɗin hatimi.

Baba ya zauna a kan turmi, ya sa 'yar wuƙarsa yana ɓamɓare ƙaron a hankali. Ta kwastan ita ce a jikin littafin lissafi, rezata kuwa ta wuce dab da lambar motar, tsakaninsu bai kai faɗin yatsa ba. Inna ta tono dutsen guga daga cikin kaya, ta samo garwashi a maƙwabta, ta shimfiɗa ɗankwali a kai ta goge takardun har suka miƙe. Direban ya buɗe gaban Fijo, ya gwada lambar takarda da ta jikin ƙarfe, ya ce ta yi. Sannan ya juya bayanta ya karanta da ƙarfi, "Saratu, aji huɗu, lissahi," ya fashe da dariya har da riƙe ciki, maƙwabta suka taya shi.

Ni dai jira nake in ji saukar mari. Baba ya miƙe, ya wuce ni, ya je inda Inna take tsugune. Ya cire hularsa ta soja, abin da ban taɓa gani ba a waje, ya ce, "Hajo, gaban mutane niy yi maki hwaɗa, gaban mutane nika ba ki haƙuri. Na ɗora maki laihin da ba naki ba." Inna ta ja mayafi ta rufe fuska don kunya, ta ce ba komai. Ni kuma ya dafa kaina ya ce, "Ɗiyata, kin yi ɓarna, amma kin hidda uwarki. Gobe ki riƙa tambaya." Iyakar hukuncina ke nan, kuma ya fi bulala shiga jikina.

Aka tura Fijo ta hau katakai, aka ɗaure ta da igiyoyi, aka cusa katifu da kwallaye kewaye da ita. Baba ya bi motar soja ana kiran azahar. Kwana biyu muka yi a hanya, kuma kusan kowane shinge sai an juya takardar an tambayi wace ce Saratu, ni kuma in noƙe bayan Inna.

Bara aka yi wa ƙanena canjin wurin aiki, shi ma soja ne. Ta waya ya kira masu ɗaukar mota, ya tura musu hoton takardu, kafin ya gama shan shayi an zo an tafi da ita, ko maƙwabcinsa bai sani ba. Na yi masa murna da wannan sauƙi. Baba ya rasu da daɗewa, Fijo ma ta riga shi tafiya. Inna ta tsufa, abubuwa da yawa sun kwance mata, har sunayen jikokinta takan haɗa. Amma in aka ambaci Bagudo sai ta gyara zama ta ce, "Nan ne Saje yac cire min hula." Ina jin duk zamansu ba ta da ranar da ta kai mata wannan.