Faci a Kafaɗa

A ɗakin jira na tashar mota, talabijin yana nuna sabon fim ɗin nan da kowa ke yabo. Ni ma na yabe shi a jarida makon jiya. Kusa da ni wata dattijuwa ce zaune, tabarau a karan hanci, allura soke a bakin mayafinta. Tela ce, ko ba a faɗa ba.

Jarumar tana kukan talauci, rabin ɗakin na share hawaye. Dattijuwar kuwa tsaki take ja.

"Mama, bai yi miki ba ne?" na tambaye ta.

"Yarinyar ta iya kuka, ba zan ci haƙƙinta ba," in ji ta. "Amma dubi rigarta, ɗana. Faci a kafaɗa! A gwiwar hannu riga take fara mutuwa. Kuma mai faci ɓoye shi yake yi, ba ya ɗora ja a kan shuɗi. Wanda ya ɗinka wannan bai taɓa jin kunyar fita ba."

Sau uku na kalli fim ɗin, ban lura ba. Ko 'ya'ya nawa dattijuwar nan ta tura makaranta da tsofaffin kaya, ba wanda ya gane?

Ana kiran motarsu. Tana miƙa hannu ta ɗauki jakarta, sai ga shi a gwiwar hannun rigarta: faci, launi ɗaya, ɗinki kamar saƙa. Da ba ta koya mini inda ake dubawa ba, da har abada ban gan shi ba.